Shekarar da Goldorak Ya Shiga Tashe a Malbaza

Malbaza gari ne da siminti ya ɗaga. Ƙauyen yana nan tun kaka da kakanni, amma da aka kafa masana'anta a tsakiyar shekarun 1960, wadda ta daɗe ita kaɗai ke yin siminti a duk faɗin Nijar, sai garin ya samu abubuwan da maƙwabtansa ba su da su: albashin ƙarshen wata, manyan motoci jere a bakin kwalta suna jiran lodi, baƙi daga Yamai da Dosso da Damagaram, da wutar lantarki a gidajen ma'aikata. Inda wuta take kuwa, nan akwatin talabijin ke fara sauka. Shi ya sa mu 'ya'yan Malbaza na shekarun 1980 muka riga yaran ƙauyukan kewaye ganin abin da duniya ke kallo, muka kuma riga su mai da shi wasan dariya.

Ta ƙofar makaranta akwatin nan ya shigo Nijar. A 1964 aka fara gwajin koyar da yara da shi a wasu lakwal na kewayen Yamai. Tashar kowa da kowa, Télé Sahel, sai ƙarshen shekarun 1970 ta zo, zamanin Seyni Kountché, gwamnati kuma ta rarraba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa da ƙauyuka, wasunsu da hasken rana ake cika batirinsu. Ba wuni ake yi ana kallo ba. Sai maraice tashar ke buɗewa, a ba da labarai da Faransanci da harsunan ƙasa, a nuna kokowa, in an yi sa'a a sa wasan su Yazi Dogo, gari ya ɗauki shewa. Masu doguwar eriya kan kamo Sakkwato idan iska ta yi kyau, a ga Samanja yana tsawa da Hausar barikin soja.

Goldorak bai biyo ta nan ya iso mana ba. A kaset ɗin bidiyo ya zo, cikin kayan wani injiniyan masana'anta da ya sayo wa 'ya'yansa, Allah kuma ya yi matarsa mace ce mai son yara. Ranar da babu lakwal sai ta sa a jawo akwatin bakin ƙofar ɗaki, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Sharaɗinta biyu ne: a wanke ƙafa kafin a hau tabarma, kuma in an kira salla kowa ya tashi. Ba na jin akwai wanda ya taɓa saɓa mata.

Zanen Japan ne, na wani gwani mai suna Go Nagai, an fara nuna shi can a 1975 da sunan Grendizer. Faransawa suka mai da shi harshensu, suka raɗa masa Goldorak, suka fara nuna wa yaransu a 1978, daga nan ya bazu. Labarin wani ɗan sarki ne, Actarus, wanda mugun sarki Vega ya rushe duniyarsu. Ya tsere da wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙahoni, ya sauka a duniyarmu, ya ɓad da kama yana kiwon dawaki a wata gona. Duk sa'ad da Vega ya turo dodon ƙarfe, sai Actarus ya ajiye aikin barga ya shige cikin Goldorak, Goldorak ya shige cikin faifansa mai tashi, a nufi fagen fama. Kowane makami sai an kira sunansa da ƙarfi kafin a sake shi.

Faransancinmu na ƙananan azuzuwa bai isa mu bi maganar ba, sai yayyenmu na babban aji ke yi mana tafinta, suna ƙarawa da nasu inda abin ya fi ƙarfinsu. Duk da haka labarin bai yi mana baƙo ba. Ɗan sarkin da ya rasa gari ya koma bara a gidan wani, mun sha jin irinsa a bakin kakanninmu da dare. Kiran sunan makami kuwa mun ɗauke shi kirari ne, irin wanda ɗan kokowa ke yi kafin ya shiga fili. Abin da ya fi ba mu mamaki ma ba tashi sama ba ne, yadda mutum zai mallaki ƙarfe mai girman hasumiyar masana'anta amma ya yarda ya riƙa kwashe kashin doki. A kan wannan mun sha gardama a hanyar komawa gida.

Wanda muka fi so a asirce kuwa ba Actarus ba ne. Rigel ne, gajeren tsohon nan mai gonar, wanda kullum yana bisa hasumiya da madubin hangen nesa yana jiran baƙi daga sama, in ya sauko kuma ya hau faɗa da duk wanda ya kusanci 'yarsa. Kowace unguwa ta Malbaza tana da tsoho irinsa.

Sai 1984 ta zo, damina ta ƙi. Ga iyaka a rufe tun watan Afrilun shekarar, da gwamnatin Buhari ta garƙame ta, har mutane suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. Mu da cinikinmu da danginmu rabi suna Ƙonni rabi suna ƙetare, mun ji a jikinmu. Azumin da ya biyo baya an yi tashe, amma sama-sama, don yaro ma ya san gidan da babu hatsi ba a tsaya masa a ƙofa da ƙwarya. Allah ya kawo ruwa daminar 1985, aka buɗe iyaka a watan Maris na 1986, azumin shekarar kuma ya kama a watan Mayu, tsakiyar bazara, zafi kamar ya tsaga ƙasa, amma rumbuna da gero a ciki. A wannan azumin ne wani yayanmu ya ce bana ba za mu tsaya ga Jatau mai magani da Tsoho da gemu kawai ba, Goldorak ma zai yi tashe.

Tun kafin goma ga wata, ranar da ake fara fita, muka shiga haɗa kaya a bayan wani kango. Buhun siminti na lokacin na takarda ne mai ninki-ninki, kuma a Malbaza ba a rasa shi. Mukan yage ninkin ciki mai ƙura mu jefar, mu huda wa sauran wuya da hannuwa, ya zama sulke. Ƙirjin aka shafa wa jar ƙasa da aka dama da ƙaro don kada ta kakkaɓe, kafaɗu aka yi wa shuni. Kai kuwa tsohuwar ƙwarya ce aka huda wa idanu, aka ɗaura mata ƙahonin sa guda biyu da muka roƙo wurin mahauta, muka kwana biyu muna goge su da toka saboda wari. Ƙahonin sun fi ƙarfin ƙwaryar, kullum sai ta karkace gefe ɗaya, har wata yayarmu ta ɗinka mana gammo a ciki. Dunƙulen hannun da Goldorak ke harbawa ya koma gwangwanin madara da aka ɗaure da robar tayar keke, in an jefa ya dawo, galibi a goshin mai jefawar. Faifan tashi da karan dawa muka ɗaure shi da'ira, muka lulluɓe da takarda, yara biyu suna riƙe da shi ta gefe, na uku yana biye da tocila yana kunnawa yana kashewa.

Bayan an sha ruwa an yi asham muke fita. A ƙofar gida babbanmu zai ɗaga murya: "Salamu alaikum, Inna, ga baƙi daga sama!" Uwar gida ta ce, "Ku shigo, amma ku yi mini hankali da randa." A jawo fitilar ƙwai tsakar gida, mata su fito da mahuci a hannu, maigida ya tsaya daga zaure yana yi kamar ba kallo yake ba.

Rigel ke buɗe wasa. Wani ɗan ƙaramin cikinmu ne, an manna masa gemun auduga, ya hau turmin da aka kife, ya naɗe takarda ya kafa a ido yana duban sama. Can sai ya yi tsalle: "Jama'a, na ga wata! Gobe Salla!" Ranar sha ɗaya ga azumi ke nan. Kafin dariya ta lafa sai ga watan nasa yana tafe da ƙafafu shida, yana tangaɗi, ya zo ya faɗi gaban murhu. Goldorak ya rarrafo daga ciki yana gyara ƙaho, ya ce mai ne ya ƙare masa. Nan take mai sayar da fetur a kwalba ya bayyana, irin waɗanda ke jere a bakin hanyar Ƙonni, aka shiga ciniki. Mai fetur ya rantse bai haɗa da kananzir ba. Goldorak ya ce a duniyarsu ba haka farashi yake ba. Mai fetur ya ce to ya koma can ya sayo.

Ana cikin haka sai ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya iso, da hular kwali da ciki na tsumma da alƙalami a bayan kunne. Ya zagaya faifan a hankali, yana ƙwanƙwasawa da sanda.

"Ina takardun motar?"

"Ranka ya daɗe, ba mota ba ce."

"To jaki ne?"

"Faifai ne, ranka ya daɗe. Daga sama na zo."

"Ta Illela ka biyo ko ta daji?"

Ya buɗe littafi ya duba, ya ce babu faifai a cikin doka, saboda haka kuɗinsa ya fi na mota. Gwarzon da ya gagari rundunar Vega sai ga shi durƙushe yana lalube a cikin buhun siminti yana neman dala biyar, yana cewa a yi masa afuwa, shi baƙo ne. A wannan wurin dariyar manya takan rufe tamu. Na ga dattijon da ya dafa bango yana share hawaye, yana cewa, "'Ya'yan nan, Allah ya shirye ku."

Daga nan Vega ya shigo da dodonsa, yara biyu cikin bargo ɗaya da kan kwali. Goldorak ya miƙe zai kira sunan makami, sai murya ta ƙi fita, maƙogwaro ya bushe. Ya sake gwadawa, sai tari. Ya ce wa dodo ya dakata yana zuwa, ya zagaya bayan randa ya ɗaga ƙwarya ya kafa kai a moɗa. 'Yar Rigel, wato wani abokinmu da aka ɗaura wa zane da kallabi, ta kama shi, ta riƙe haɓa: "Yaya! Da girmanka da ƙahonka ba ka azumi?" Shi kuwa ya goge baki ya ce, "Ni matafiyi ne." Wata rana a gidan wani malami, da aka zo nan, sai muka ji muryarsa daga zaure yana cewa gaskiyar Goldorak, tafiyar da ta kai haka an yarda a sha ruwa, amma a gaya masa akwai ramuwa bayan Salla. Tun daga ranar muka sa maganar ramuwa cikin wasan. Faɗan kansa ba ya daɗewa. Gwangwani ya tashi ya dawo, dodo ya rabu biyu kowane rabi ya gudu ta gefensa, Rigel ya faɗo daga turmi, uwar gida ta kawo gero a ƙoƙo ta juye mana a jaka. Wani gida dabino, wani gida dala ɗaya ko biyu.

Ba raini ya sa muka yi wa Goldorak haka ba, don babu wanda ya kai mu son sa. Yaron da ke sa ƙahon nan da dare shi ne wanda ya cika bayan littafinsa na lissafi da zanen Goldorak, har ya sha bulala a kai. Abin da tashe ya saba yi ne tun kafin a haife mu: yana kama malam, ya kama gwauro, ya kama mai magani da tsoho da amarya, ya fito da su tsakar gida a yi dariya, gari ya waye kowa yana nan da mutuncinsa. Muddin Goldorak yana cikin akwati yana magana da Faransanci, na 'ya'yan injiniya ne, mu 'yan aro ne. Ranar da ya ji ƙishirwar azumin bazara, ya yi cinikin fetur, ya durƙusa gaban ɗan duwan, ya zama ɗan garinmu, har kakata da ba ta taɓa zama gaban talabijin ba ta san shi, tana kiran sa mai ƙahon nan.

Akwai kuma abin da sai da na girma na auna nauyinsa. Zamanin soja ne, babba ba ya tsayawa a kasuwa ya yi maganar masu kaki yadda ya ga dama. Mutane sun fito daga shekara biyu na rufaffiyar iyaka, kowa da abin da ya gani a hanya, kowa ya haɗiye. Yaro mai cikin tsumma ya zo ya faɗe shi a tsakar gida, babu wanda za a kama, don wasan yara ne, kuma wanda aka tare ɗin ma daga sama ya zo. Mutanen Damagaram suna da irin wannan a wasan kara, inda samari ke shiga kamannin manyan ƙasa da kayan da aka ƙera da kara, manyan kuma su zo su zauna su kalli kansu.

Ashe ma a jiharmu akwai wanda ya riga mu da shekara ashirin. Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen silman Nijar, wanda ya yi zamansa a Tawa har ƙarshen rayuwarsa, ya fitar da Le Retour d'un aventurier a 1966. A ciki wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa huluna suka hau dawaki suka hana ƙauye sakat. Shi ma finafinan da suka cika idon samarin zamaninsa ya kamo ya saukar a ƙasar gida, ya bar mutane su ga abin da zai faru. Ya rasu a 2015. Ina jin da ya ga ƙwaryarmu mai karkataccen ƙaho da ya gane 'ya'yansa. Ta ɓangaren rubutu kuma, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya, da Hausa tsantsa. Mu da karatunmu na Faransanci ne ba mu san da shi ba sai daga baya, kuma har yau ina jin zafin wannan, don da littafin ya faɗo hannunmu a lokacin da mun samu gwarzo mai jin harshenmu.

A Ingila yara sun samu abin da mu ba mu samu ba, wato a ɗauki irin wannan wasa a sa a talabijin. BBC ta fara Doctor Who a 1963, labarin wani mai yawo cikin zamani da taurari, da maƙiyansa na ƙarfe da ake kira Dalek. Da shirin ya yi farin jini, sai Crackerjack, shirin barkwanci na yara na gidan, ya kwaikwaye shi a shekarun 1970 don yara su yi dariya. Doctor Who ɗin ya zo har ƙasar Hausa, don an nuna shi a Najeriya tun shekarun 1960. BBC ta goge da yawa daga cikin tsofaffin sassansa, sai a 2013 aka ba da sanarwar an gano guda tara da aka fid da rai da su, ajiye a wani gidan talabijin a Jos. Da na ji labarin na yi ta tunanin yaran Kaduna da Jos na wancan lokaci, don na tabbata a cikinsu akwai wanda ya kifa bokiti a ka ya zama Dalek a wani daren azumi. Namu wasan babu wanda ya ɗauka. Kyamarar Télé Sahel in ta zo yankinmu don baƙuncin wani babba take zuwa, ko bikin samariya, ba ta bin yara gida-gida da dare.

Rabon gero ranar jajibiri ake yi. A kai wa uwar ɗaya daga cikinmu ta auna da tiya, a sayar da rabi a sayi shinkafa da mai, a dafa bayan Salla mu ci a kangon da muka haɗa kaya. Wanda ya sa ƙaho ana ƙara masa kaso, saboda zufar da yake sha cikin takardar siminti da ƙaiƙayin da ke bin ta. 'Yan cikin bargo su ma sun nemi ƙari, aka yi shari'a, aka ba su.

Wasan ya yi 'yan shekaru yana zagayawa. Yaran wasu unguwanni suka ɗauka suka ƙara nasu, har na ji an yi wanda Goldorak ya je neman aure aka ce sai ya kawo shaidar asalinsa. Sannan gidajen bidiyo suka buɗe, finafinan Indiya da na 'yan Sin masu faɗa suka kwashe ƙannenmu, ƙaho ya ba da wuri ga ɗaurin goshi da tsalle-tsalle. Da kaset ɗin Kano suka fara shigowa ta Ƙonni, muka ga marigayi Rabilu Musa Ibro yana yi wa duk wanda duniya ke magana a kansa irin abin da muka yi wa Goldorak, mutanen Malbaza ba su buƙaci a yi musu bayani ba.

'Yan ƙungiyar tamu yau sun haura shekara hamsin ko suna dab da ita. Ɗan duwan ya zama malamin makaranta. Mai fetur ya gaji mahaifinsa a masana'anta. Goldorak yana tuƙa babbar mota tsakanin Ƙonni da Agadas. Shi kuwa ɗan ƙaramin da ke hawa turmi fataucin albasa yake yi, yana lodi a Galmi yana kaiwa har Abijan, gemunsa ya yi fari ba da auduga ba, kuma har gobe in azumi ya kai goma sai wani cikinmu ya buga masa waya ya tambaye shi ko ya ga wata.